Karatun halayyar yara ta intanet: ta ina ake farawa, kuma ina yaron yake?

Ƙanwar Zaure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Mai son karanta ilimin halayyar yara da yadda suke girma, amma aiki ko aure ba zai bar shi ya zauna a makaranta ba, ta ina zai faro idan ta intanet ne? Takardar da ake bayarwa tana cin aiki kuwa? Sannan abin da ya fi ɗaure min kai, yaya za a koyi sanin yaro ta cikin waya alhali yaron ba ya cikin wayar?

Malam na Kwaleji:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara raba abu uku da mutane ke cakuɗawa, don a nan ake asarar kuɗi.

Akwai gajeren kwas na 'yan makonni, irin na shafukan karatu na intanet Coursera ko OpenLearn. A Coursera akwai wanda Farfesa Alan Kazdin na jami'ar Yale ya shirya kan gyaran ɗabi'ar yaro a gida, kuma yana da kyau ƙwarai. Ilimi za ki samu, amma satifiket ɗinsa ba digiri ba ne, ba ya ƙara matakin albashi a ma'aikata. Na biyu shi ne cikakken karatu daga nesa. A Najeriya Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, mai hedikwata a Jabi, Abuja, tana da digirin ilimin ƙananan yara, kuma tana da cibiyoyi a jihohi. Ana shiga da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, mai NCE kuma yakan fara daga aji biyu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ita ma tana yin NCE da difilomar koyarwa daga nesa, kuma ilimin halayyar yara yana cikin darussan dole. Na uku shi ne zama masanin da ke duba yara a asibiti. Wannan sai da digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, da digiri na biyu a fannin asibiti, da horo a gaban ƙwararru. Duk wanda ya ce miki zai mayar da ke haka a mako shida ta waya, kuɗinki yake so.

Kafin ki biya ko sisi, shiga shafin hukumar jami'o'i, NUC, ki ga ko sunan makarantar yana cikin waɗanda aka amince su yi karatun nesa. Idan koyarwa za ki yi daga baya, rajistar hukumar rajistar malamai, TRCN, ma tana jiranki.

Ɗan Damagaram:
Ga 'yan uwa na ɓangarenmu masu karatu da Faransanci: dandalin FUN-MOOC yana da gajerun darussa kyauta, jami'ar Paris 8 kuma tana da sashen karatun nesa da ke ba da lisans, wato digirin farko, a wannan fanni. Sai dai a fara tambayar inda ake zana jarrabawar. Karatu a waya, jarrabawa a wata ƙasa, kuɗin jirgi da biza kaɗai sun isa su tsayar da mutum.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Malam ya yi bayanin ƙofa, bari in faɗi abin da ke cikin ɗakin. A NOUN maki 30 na aikin zango ne da ake kira TMA, yawanci guda uku, kowanne maki 10, ana yi a kwamfuta ko waya. Maki 70 na jarrabawa ne, kuma a cibiya ake zana ta, ba a gida ba. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta, daga aji uku kuma biro da takarda. A nan masu sayen amsoshin TMA a zaurukan WhatsApp ke faɗuwa. Mutum ya tara 28 cikin 30 bai buɗe littafi ba, shekara biyu yana zaɓen A ko B, ranar da aka ce ya rubuta shafi biyu kan bambancin Piaget da Vygotsky, manyan masanan halayyar yara biyu, sai biro ya tsaya.

Lokaci ma a yi masa lissafin gaskiya. Jami'ar karatun nesa ta Ingila tana faɗa wa ɗalibanta cewa darasi mai kiredit 60, wato rabin nauyin shekara, yana cin awa 16 zuwa 18 a mako. Mai aiki da yara da girki da wuya ta wuce awa 10 zuwa 12. To kada ki cika fom da duk kwasan da aka jera. Tambayi cibiya mafi ƙarancin nauyin da aka yarda a ɗauka a zango, ki fara da shi. Littattafan kwas kyauta ne a shafinsu, 'yan megabayit ne, a sauke su tun makon farko kafin ranar da sabis zai ƙi. Bidiyo shi ne mai cin data: awa ɗaya a 360p na iya lashe wajen megabayit 300, don haka a rage kaifin hoton, lacca murya ce. TMA kuma kada a bar shi ranar rufewa, ranar kowa ke shiga, shafin yakan yi nauyi.

Baban Yara:
Ku gafarce ni, ni fa ban gamsu ba. Kakanninmu sun raini yara goma-goma ba su san wani Piaget ba. Littafin nan Bature ne ya rubuta shi yana kallon ɗansa. A ɗauko shi a auna ɗan Bahaushe da shi, ba sai a ce duk yaranmu suna da matsala ba?

Malam na Kwaleji:
Baban Yara, rabin maganarka gaskiya ce, kuma masanan da kansu sun faɗe ta. Piaget, ana furta shi Fiyaje, mutumin Siwizalan ne, kuma abin da ya rubuta kan jarirai daga kallon 'ya'yansa uku ya samo shi. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda yawansu bai wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Amma maganin wannan ba jefar da littafin ba ne. Kwas mai kyau zai koya maka ka tambayi kowane sakamako: yaran wa aka gwada, su nawa, da wane harshe, wa ya yi tambayar?

Ɗauki maganar shaƙuwar jariri da mai rainonsa. John Bowlby ya kafa ta, Mary Ainsworth ta gwada ta, kuma mutane da yawa ba su san a Yuganda ta fara ba, a 1954 zuwa 1955, kafin ta koma Amurka. Har ƙasar Hausa an zo. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun buga binciken jarirai 18 a wani garin Hausawa a Najeriya. Sun tarar jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, amma akwai guda da ya fi nema in ya tsorata, wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, kuma ba dole ta zama mahaifiyarsa ba. Yanzu ɗalibar da ta haddace littafi kawai ta shiga gida ta ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, sai ta rubuta "uwa ba ta da shaƙuwa da ɗanta". Ta faɗi. Alkunyar ɗan fari ta gani. Tambayar da ya kamata ta bi ita ce: in yaron ya faɗi ya yi kuka, wurin wa yake rarrafawa, kuma in an ɗauke shi yana yin shiru?

Baban Yara:
To ai ka dawo kan maganata, Allah ya gafarta Malam. Kaka ta san wannan ba ta biya kuɗin makaranta ba.

Anti Nas:
Ta san wannan, Baban Yara, amma akwai wanda ba ta sani ba, kuma shi ne mai tsada. Kaka za ta ce "ai babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana, nauyin baki ne na gado". Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma yaron ba ya ji ne, saboda shawarar da ta kama shi a makon haihuwa, ko sanƙarau, ko ciwon kunne mai ruwa da aka bari. Shekara biyun da aka yi ana jira ba ta dawowa.

Kuma ba duk ma'auni ne na Bature kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba tallabe: daga wata 3.8 zuwa 9.2. Rarrafe: 5.2 zuwa 13.5. Tsayuwa shi kaɗai: 6.9 zuwa 16.9. Tafiya shi kaɗai: 8.2 zuwa 17.6. Ku dubi faɗin tazarar. Ɗan wata 9 da ya fara tatata da ɗan wata 16 da ya fara, duka lafiyayyu ne. Wajen kashi 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, sun ja gindi ko sun miƙe kawai. Kuskuren sababbin ɗalibai shi ne su haddace lamba guda, "wata 12 tafiya", su tayar wa uwa hankali a banza.

Waɗanda ba a jira a kansu su ne: wata 12 ba gwaranci, ba nuni da yatsa, ba ɗaga hannu, wata 16 ba kalma ko guda, wata 18 ba tafiya, wata 24 ba ya haɗa kalma biyu da kansa, kamar "Umma ruwa", da kuma duk yaron da ya iya abu sannan ya daina, ko shekararsa nawa. Wannan asibiti ne, kuma a fara da gwajin ji.

Yaya Mai Bincike:
Ina so in koma tambayar Ƙanwa ta uku, don ita ce gindin maganar. Waya littafi ce kawai. Ɗakin gwajin wannan ilimi tabarma ce a tsakar gida. Duk makon da kika karanta darasi, ki nemi yaro ki duba abin da idonki, in ba haka ba sunaye za ki fita da su.

Ga gwajin Piaget mafi sauƙi, na yaro ɗan shekara 4 zuwa 7. Nemo marfin kwalbar lemo 14 iri ɗaya. Jera bakwai a layi, jera bakwai a ƙasansu, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa. Tambayi yaron ko daidai suke. In ya yarda, ki baza layi guda a gabansa ya fi tsawo, ba ki ƙara ba ba ki rage ba, ki sake tambaya. Ɗan shekara huɗu yawanci zai ce dogon ya fi yawa. Wajen shida zuwa bakwai zai ce daidai suke. Amsar ba ita ce abin rubutawa ba, dalilin ne. Ki ce "yaya aka yi ka sani?" Dalilai uku ake nema: ba a ƙara komai ba; in an mayar zai koma yadda yake; ko ya fi tsawo amma akwai fili a tsakani. Haka ake yi da ruwa, kofi biyu iri ɗaya a juye guda a doguwar kwalba, da kuma ƙullun fulawa, curi biyu a murza guda ya yi tsawo. Gane cewa nauyin ƙullun bai canza ba sai wajen shekara tara yake zama, don haka kada ki yi mamaki yaro ya ci na marfi ya faɗi na nauyi.

Inda gwajin ke lalacewa a wurinmu uku ne. Na farko harshe. In kika ce "wanne ya fi yawa?" kin riga kin gaya masa akwai wanda ya fi. Ki ce "daidai suke, ko wani ya fi wani?", ga yaro na gaba kuma ki juya, "wani ya fi wani, ko daidai suke?", don yara na son kama ƙarshen magana. Na biyu ladabi. Yaron da aka tarbiyyantar ya san babba ba ya maimaita tambaya sai in amsar farko ba ta yi ba, sai ya sauya don ya faranta miki. An gwada wannan tun 1974: da aka yi tambayar sau ɗaya kawai, bayan an baza, yara da yawa suka amsa daidai. Na uku hannun da ya taɓa. Patricia Greenfield ta yi gwajin ruwa da yaran Wolof a Senegal, aka buga a 1966. Yaran ƙauye da ba su shiga boko ba sukan ce ruwan ya ƙaru "saboda ke kika zuba". Da aka bar su suka zuba da hannunsu, masu cewa daidai yake suka ƙaru sosai. To ki yi sau biyu, da hannunki da hannunsa, ki rubuta duka. Kuma ki kori 'yan kallo. Yayansa yana tsaye yana dariya, gwajin ya mutu.

Ƙanwar Zaure:
Yaya, wannan ya shige ni. Amma an ce akwai aikin lura da yaro da ake rubutawa a miƙa. Shi kuma yaya ake yinsa?

Yaya Mai Bincike:
Fara da shekarun yaron, a nan ake fara zubar da maki. Ana rubuta shekara da wata da kwana. Misali an haife shi 25 ga Agusta 2023, kin duba shi 10 ga Maris 2025. Kwana 10 ba za a cire 25 ba, ki aro 30 daga wata, 40 a cire 25 saura 15. Wata ya koma 2, ba za a cire 8 ba, ki aro 12 daga shekara, 14 a cire 8 saura 6. Shekara ta koma 2024, a cire 2023 saura 1. Wata 18 da kwana 15 ke nan. In bakwaini ne, a ce an haife shi a mako na 32, ki cire mako 8 da ya rage, ya koma wajen wata 16 da rabi, kuma da wannan za ki auna shi har ya cika shekara biyu. Kada ki dogara da "an haife shi da ƙaramar Sallah", Sallah na matsowa da wajen kwana 11 duk shekara. Nemi katin rigakafi.

Sai rubutun. Raba shafi biyu. Hagu abin da ido ya gani da lokaci, dama fassararki. A hagu ba a rubuta "ya yi fushi" ko "yana da ƙiriniya". Ana rubuta: "4:12, ya miƙa hannu ga moɗa, yayarsa ta ɗauke, ya zauna a ƙasa ya buga ƙafa sau uku, ya kalli ƙofar ɗakin kaka." Mai duba takarda yana ganin kalmar hukunci a hagu zai ja jan biro.

In ɗabi'a guda kike bi, hanya biyu ce. Wadda ke faruwa a kai a kai, kamar wasa da sauran yara, ki ja gida 20, ki sa agogo minti 10, duk daƙiƙa 30 ki ɗaga kai ki sa alama ko yana yi ko ba ya yi. Wadda ba ta cika faruwa ba, kamar cizo, ki jira ta faru ki rubuta uku: me ya gabata, me ya yi, me ya biyo baya. Sau da yawa a gida na uku amsar take, misali duk lokacin da ya yi cizo ana ɗaukarsa a goya. In kuna biyu, kowa ya cika nasa ba tare da leƙe ba. Kun dace a gida 15 cikin 20, kashi 75 ke nan, bai kai 80 da aka saba nema ba. Ba idonku ne ya lalace ba, ma'anar da kuka ba "wasa tare" ce ba ta fito ba. Ku sake rubuta ta: zama kusa da juna ya isa, ko sai an miƙa wa juna abu?

Ziyarar farko kada ki rubuta komai. Yaro mai ƙiwa zai manne da zanen uwarsa, ki zo ki rubuta rahoton tsoronki.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Ƙari kan na Yaya. Izini kafin komai, kuma a gidaje da yawa na uwa kaɗai bai isa ba, a sanar da maigida. Ba a sa sunan yaro a rahoto, harafi ake sawa. Ba a ɗaukar fuskarsa, ba a tura bidiyonsa zauren 'yan aji don a tattauna. Abin da ya shiga WhatsApp ya fita hannunki. Sannan gwajin Ainsworth na barin jariri da baƙo a ɗaki, kallonsa ake yi a bidiyon kwas, ba a kwaikwayonsa. An tsara shi ne don ya tayar wa jariri hankali kaɗan, matakai takwas ne, yawancinsu na wajen minti uku, kuma fassara shi sai wanda aka horar. Ɗaliba ta sa ɗan maƙota kuka don aikin makaranta, ba ta samu sakamako ba, ta samu rigima.

Anti Nas:
Wannan ya kawo ni kan cutar 'yan zangon farko: sa wa yaran mutane suna. An karanta darasi guda kan otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, sai duk yaron da ba ya kallon ido ya zama mai shi, alhali an koya wa yaranmu su sunkuyar da kai a gaban babba. Takardun tantancewa da za ku gani a kwas, irin M-CHAT-R mai tambaya 20 na 'yan wata 16 zuwa 30, ko ASQ na wata 1 zuwa 66, rariya ce. Suna nuna wanda ya kamata a kai a duba, ba sa cewa ga cutar. Wasu tambayoyin ma ba su dace da gidajenmu ba, kamar hawa matakalar bene ko yanka da almakashi. Yaron da bai taɓa riƙe almakashi ba bai faɗi ba, ba a ba shi dama ba ne. Shi ya sa a Malawi aka gina nasu ma'aunin, MDAT, aka buga a 2010, mai abubuwa 136 da aka gwada a kan yaran karkara. Ku neme shi, ya fi kusa da mu.

Kuma kafin a ce halayya ce, a duba jiki. Tamowa, ƙarancin jini, zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sikila, duk suna rage wa yaro kuzarin koyo. Gubar dalma ma haka. Wadda ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma waɗanda suka rayu da yawa ta bar musu rauni a kai. Wasu nau'o'in kwalli ma suna ɗauke da dalma. Littafin da aka rubuta a Amurka zai ba wannan layi biyu, mu a wurinmu babi ne.

Yaro mai jin harshe biyu kuma, Hausa da Fulatanci ko Kanuri ko Zabarmanci, a haɗa kalmominsa na duka biyun a ƙirga. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana.

Baban Yara:
Anti, na karɓi ta kunne da ta dalma. Amma har yanzu ina jin ma'aunin nan kullum mu ne a ƙasa.

Yaya Mai Bincike:
Ba kullum ba, Baba. Akwai gwajin haƙuri, a ajiye wa yaro abin daɗi a ce in ya jira za a ƙara masa wani. Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu sun yi shi da 'yan shekara huɗu na ƙabilar Nso a Kamaru da takwarorinsu na Jamus. Fanke aka ajiye wa na Kamaru. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu suka jira minti goman, na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Sai dai ni ba na son a karanta shi a matsayin wasan ƙwallo. Abin da ya nuna shi ne kowace tarbiyya tana kaifafa abin da take so. Wadda ta fi son biyayya da natsuwa ta samu, wadda ta fi son yaro ya faɗi ra'ayinsa ita ma ta samu nata.

Malam na Kwaleji:
Ni kuma zan ɗan saɓa wa masu saurin binne Piaget. Shekarun da ya bayar sun motsa, an gano yara na iya abubuwa da wuri in an sauƙaƙa tambaya, amma jerin da ya gani, wannan kafin wancan, ya tsaya a wurare da yawa. A jarrabawa ana son ki kawo ra'ayin, ki kawo sukar, ki yanke. Mai kawo ɗaya kawai rabin maki ne.

Vygotsky kuwa Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kansa. Cewa ya yi koyo yana faruwa a tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya tallafa. Dubi makarantar allo. Malam ko gardi ne ke rubuta wa kolo allonsa ya biya masa, yaro na bin yatsa. A hankali a bar shi ya biya, a gyara inda ya karkace, har ranar da zai ɗauki alƙalami ya rubuta da kansa. Tallafin ana janye shi kaɗan-kaɗan. In kika rubuta irin wannan misali da kalmominki, mai duba takarda ya san kin gane, ba kwafa kika yi ba.

Kwas ɗin da ya fi kayar da mutane ba na Piaget ba ne, na hanyoyin bincike da ƙididdiga ne. Kada a ɗage shi zuwa ƙarshe. Darasinsa mafi amfani: abu biyu su tafi tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Auna ƙafar almajirai, za ka ga masu manyan ƙafa sun fi nisa a izu. Ƙafa ba ta hadda, shekaru ne suka ja duka biyun. In kika ga an ce "yaran da ake karanta wa littafi sun fi ƙoƙari", tambayi ko an raba su ne da ƙuri'a, ko gidajen ne dama suka bambanta. Irin wanda aka raba da ƙuri'a shi ne na Jamaika da aka fara a 1986, yara 129 da suka tsumbure, ana ziyartar wasu gidajen duk mako shekara biyu ana koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro. Bayan shekara 20 aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Kayan wasan ma na gida ne aka haɗa.

Ɗan Damagaram:
Wata dabara ga mai karatu da harshen da ba nasa ba. Bayan kowane darasi rufe littafin, ka kunna rikodar waya, ka bayyana shi da Hausa cikin minti biyu kamar kana yi wa innarka bayani. Inda ka tsaya kana neman kalmar Turanci ko Faransanci, nan ne ba ka gane ba. Tambayoyin gwada kai da ke ƙarshen darasi a amsa su a takarda kafin a leƙa amsa, a sake amsa su bayan kwana uku, sannan bayan mako biyu. Maimaita karatu da ja layi da biro mai launi yana sa mutum jin ya iya, ranar jarrabawa ya ga wayam.

Ƙanwar Zaure:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura guda. In mutum bai da tabbacin zai iya, ya biya kuɗin digirin kai tsaye ko ya ɗan taɓa tukuna?

Hajiya Shugabar Makaranta:
Ki taɓa tukuna, 'yata. Sauke littafin kwas guda na ci gaban yaro daga shafin NOUN, kyauta ne ko ba ki yi rajista ba. Ba kanki mako huɗu, awa ɗaya da rabi kullum a lokaci guda, bayan asuba ko bayan yara sun kwanta. A cikinsu ki yi lura biyu ta minti 10 da yaro ɗaya, mako biyu tsakani, da gwajin marfin kwalba da yara uku masu shekara 4, 6 da 8. In mako huɗun ya cika kin rasa kwana fiye da bakwai, ki gyara jadawalin gida kafin ki cire kuɗi. Ki kuma sa a lissafi cewa digirin ilimi yana da koyarwar gwaji a makaranta ta gaske, makonni a jere, wannan ba a yinsa ta waya, sai ki fara tunanin wa zai riƙe miki gida ko shago a lokacin.

Yaya Mai Bincike:
Marafan su zama launi ɗaya. In kika haɗa ja da kore, ɗan shekara huɗu zai bar ƙirga ya ce jajayen nasa ne.